Kangon sansanin Ada Foah: abin da kowannenmu ya tarar

Malamin Islamiyya, Nima (Accra): Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zuwa Ada Foah ta ƙasar Ghana, inda Kogin Volta yake shiga teku, ya ba mu labarin abin da ya gani a kangon sansanin Kongenstein. Ni da ɗalibaina muka je, kuma raina ya sosu ƙwarai, domin ginin da Turawan Denmark suka kafa a 1783, suka sayar wa Ingila a 1850 tare da sauran sansanoninsu, yau teku ta cinye mafi yawansa. Guntayen bango kawai muka samu, yara suna tambayata ina sauran.

Hajiya mai sayar da atamfa, Madina (Accra): Wa alaikumus salam, Malam. Ni kogin ne ya fi tsaya mini a rai. Da muka shiga kwalekwale, sai na tuna abin da kakata take faɗa game da fatauci, cewa gishirin tafkin Songor da ke kusa da Ada yakan hau kogi zuwa arewa, Salaga kuma, a arewacin Ghana, ita ce kasuwar goro da fatakenmu suke nufa tun daga ƙasar Hausa. A wannan kasuwa ce aka riƙa sayar da bayi, wasunsu kuma ta wannan ruwa aka gangaro da su. Kakata goron take ambata, ba ta taɓa ambaton bayin ba. A cikin kwalekwalen nan na kasa cewa uffan har muka isa gaɓa.

Direba, Sabon Zango: Hajiya, gaskiya kika faɗa. Shawarata ga Malam ita ce ya ƙarasa da yaran zuwa garin Keta, inda sansanin Prinzenstein na 1784 yake, domin ko da yake teku ta rushe babban ɓangarensa a 1980, ɗakunan da aka tsare bayi suna nan. Na shiga ɗaya, duhu da zafi suka hana ni daɗewa.

Malamin Islamiyya, Nima: Na gode, ɗan'uwa, za mu je in Allah ya yarda. Hajiya, wata ɗalibata ta tambaye ni ko akwai musulmi cikin bayin da aka tsallakar da su teku, na ce mata akwai su da yawa. Nan bakin ruwa muka tsaya muka yi musu addu'a kafin mu nemi mota.