Kafa ƙungiyar masu amfani da kwamfutar Mac a Sakkwato: abin da kowa ya gani da idonsa

Malamin sakandare, daga Arkilla:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan lamari. Shekara biyu ke nan ina aiki da MacBook Air, ɗaya daga kwamfutocin Mac na kamfanin Apple, kuma duk lokacin da wata matsala ta taso sai in rasa wanda zan tambaya, domin galibin masu gyaran da na sani a garin nan sun fi ƙwarewa a kan kwamfutoci masu Windows, irin su HP da Dell. Kamfanin Apple ba shi da shago nasa na kansa a Nijeriya, dillalan da ya amince da su kuwa sai mutum ya nufi Legas ko Abuja. Mu huɗu ne muka san juna da irin wannan kwamfuta, kuma mun fara tunanin mu riƙa zama sau ɗaya a wata. Ina roƙon duk wanda ya taɓa kafa irin wannan ƙungiya, ko ya zauna a cikinta, ya faɗa mana inda suka riƙa haɗuwa, da abin da suka riƙa yi, da yadda suka yi da maganar kuɗi. Idan kuma ta mutu, ina son in ji abin da ya kashe ta.

Mai ɗaukar hoto da haɗa bidiyon biki, daga Mabera:

Wa alaikumus salam, Malam. Sau biyu muka kafa tamu, kuma ta farkon ba ta yi wata huɗu ba. Mun fara mu bakwai a shagona, bayan sallar La'asar ranar Asabar, ba tare da mun tsara komai ba. Kowa ya zo da kwamfutarsa ya buɗe, aka yi ta yabon kyawun allonta da daɗewar batirinta, aka kuma yi ta kushe wa masu Windows nasu. Zama na farko ya yi daɗi, na biyu ma haka, amma a na uku sai muka tarar cewa duk abin da za a faɗa an riga an faɗe shi. Wanda ya taso daga Gidan Igwai ya biya kuɗin Keke Napep bai koma gida da wani abin da bai zo da shi ba, saboda haka bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya dawo da mu tsadar data ce. Duk shekara Apple yana fitar da sabon macOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da Mac, kuma cikakken fayil ɗin girka shi ya haura gigabait 10. Wani abokin aikina ya sayi data ya fara saukewa da dare, sadarwa ta yanke ya kusa ƙarshe, ya wayi gari ba data ba manhaja. Da ya ba ni labari sai muka ce, tunda abu ɗaya dukanmu muke nema, babu dalilin da zai sa mutum bakwai su biya kuɗinsa sau bakwai. Muka haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya sauke, muka sa shi a filas mai gigabait 32 wanda ake iya tayar da kwamfuta da shi, kowa ya zo ya girka. A ranar ne na fara ganin mutanen da ban sani ba a shagon, har da wani likita da wasu ɗalibai biyu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Daga baya muka gano cewa tun daga macOS High Sierra na shekarar 2017 akwai wani tsari a cikin kwamfutar mai suna Content Caching, a sashen rabawa na saitinta. Idan aka kunna shi a kwamfuta ɗaya, sai ta zama kamar rumbu: duk sabuntawar da wata na'urar Apple ta sauke ta kan intanet ɗin wurin, rumbun zai adana kwafinta, na'ura ta gaba mai buƙatar wannan sabuntawar kuma daga rumbun za ta ɗauka. Wannan ya haɗa da iPhone da iPad. Wata tsohuwar Mac mini da ba na aiki da ita muka ware wa wannan aiki. Shawarata, Malam, ita ce kada ku kira zama sai kun san abu ɗaya da kowa zai koma gida da shi a ranar.

Mai gyaran kwamfuta da waya, daga Titin Sarki Yahaya:

Ni ba ni da Mac tawa ta kaina lokacin da aka gayyace ni, an kira ni ne saboda ina da kayan kwance ta. Abin da na fi amfanar da mutanenmu da shi bai wuce maganar saye ba, domin kusan duk Mac ɗin da ke hannun jama'a a nan ta hannu ce, wadda aka kawo daga Ikeja ko Kano ko Abuja.

Wani ƙanena ya tara kuɗi ya aika wa wani dillali a wani gari, aka aiko masa da MacBook Pro mai kyan gani, ba ko ƙwarzane. Ya yi mako biyu yana aiki da ita lafiya. Ranar da ya goge ta domin ya fara daga farko, sai ta tsaya tana neman asusun iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na asali. Wannan makulli yana kan duk Mac mai guntun tsaro na T2 ko mai injin Apple irin su M1, tun daga macOS Catalina na 2019, kuma an yi shi ne domin kada ɓarawo ya ci moriyar abin da ya sata. Mai gyara ba ya buɗe shi ta halastacciyar hanya. Sai mai asusun ya cire da kansa, ko a kai wa kamfanin shaidar saye ta asali. Dillalin ya daina ɗaukar waya. Har yau kwamfutar tana cikin durowata.

Tun daga nan muka kafa doka cewa duk ɗan ƙungiya da zai sayi Mac ya tafi da ɗayanmu, ko kuma a yi kiran bidiyo da mai sayarwa. A gabanmu za a fita daga iCloud, a goge kwamfutar, a haɗa ta da intanet a sake saita ta har ƙarshe, domin a wannan matakin ne ake gane wadda wani kamfani ko wata makaranta ta ƙasar waje ke riƙe da linzaminta daga nesa. Sannan a duba adadin zagayen cajin batir. Apple ya ƙayyade 1000 ga MacBook na zamani, don haka wadda ta haura 800 a sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. A kuma tabbatar da girman ma'ajiya tun kafin a biya, domin a sababbin samfura an like ta a jikin babban allon ciki, ba a ƙara ta daga baya kamar yadda ake yi wa MacBook Pro ta 2012.

Sai maganar yanayinmu. Kamfanin ya ce a yi aiki da MacBook a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu muna haura 40. Na ga batura da yawa sun kumbura har sun ɗaga wurin taɓawa, galibi na waɗanda ke barin kwamfuta a mota ko su ɗora ta a kan katifa. Muna ware zama guda bayan hunturu domin buɗe masu fanka a kakkaɓe ƙura.

Malamar Hausa a wata kwaleji, daga Runjin Sambo:

Ina so in ƙara abin da maza ba su cika lura da shi ba. An gayyace ni zama har sau uku ban je ba, saboda ana yin sa a shago ne bayan Magariba. Sai da aka mayar da shi ɗakin karatu na wata makaranta, ranar Asabar da hantsi, sannan na fara zuwa, na kuma zo da wasu malamai mata biyu. Idan kuna son mata su shiga, Malam, wuri da lokaci ne za su yanke hukunci, ba kiran da kuka yi ba.

Abin da ya kai ni shi ne haruffa masu lanƙwasa. Na daɗe ina rubuta jarrabawa da takardun darasi ina kwafo ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya daga wani tsohon fayil. A zaman farko wani ɗalibi, wanda a haife na haife shi, ya nuna mini cewa idan aka ƙara tsarin madannai mai suna Unicode Hex Input, sai a danne maɓallin Option a buga 0199 ƙ ta fito, 0257 ya ba da ɗ, 0253 kuma ɓ. Daga baya muka yi amfani da manhajar Ukelele, wadda kyauta ce, muka tsara madannan Hausa namu muka raba wa kowa a filas. Wannan abu kaɗai ya rage mini wahalar da na yi shekaru ina sha, kuma shi ya sa ban ƙara fashin zama ba sai da uzuri.

Tsohon ma'aikacin gwamnati, daga Gawon Nama:

'Ya'yana, ni ne mai ajiyar kuɗin ƙungiyar da mai hoto ya ambata, kuma a kan kuɗi zan yi magana. Kada ku fara da kuɗin rajista. Mun gwada, sai ɗalibai suka janye, alhali su ne suka fi mu sanin na'urar. Abin da ya yi mana aiki shi ne karo-karo a kan buƙata sananniya: kuɗin data, ko man janareta na ranar zama, ko sayen sukurdireba mai baki biyar da ake kwance bayan MacBook da ita. Ana faɗin abin da aka tara da abin da aka kashe kafin a tashi, a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu. Mun kuma hana ciniki a lokacin zama, bayan wani ya mayar da taron wurin tallar caja; wanda ke da haja ya jira a shafa fatiha.

Game da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ba mu yi ba, domin ba mu da asusun banki ko kadara, kuma ina ganin sai ƙungiya ta shekara tana zama kafin ta ɗauki wannan nauyi. Mun dai guji sa tambarin kamfanin a takardunmu, kada wani ya ɗauka wakilansa ne mu.

Ga masu ganin mutum huɗu sun yi kaɗan, ina tunatar da su cewa ƙungiyar Homebrew, inda Steve Wozniak, ɗaya daga waɗanda suka kafa Apple, ya nuna kwamfutar Apple ta farko a 1976, a garejin wani gida ta fara zama a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, a watan Maris na 1975. Masu sha'awa ne suka haɗu suna nuna wa juna abin da suka iya, kuma babu kamfanin da ya tara su.

Ɗalibin injiniya, daga Dundaye:

Da izinin Baba da sauran manya, ina da ɗan saɓani. A tamu ta ɗalibai an ce sai mai Mac zai shiga, kuma wannan ya cutar da mu. Yawancin manhajojin zanen injiniya da ake koya mana na Windows ne. Masu tsohuwar Mac mai injin Intel suna iya girka Windows ta Boot Camp, amma tun da aka koma M1 a ƙarshen 2020 wannan hanya ta rufe, sai dai a bi ta manhaja irin Parallels, wadda ake biya. Wanda ya warware mana wannan matsala mai HP ne, kuma a ƙofa aka tsayar da shi ranar farko. Ina ganin a bar sunan ƙungiya a kan Mac, amma a buɗe ƙofa ga duk mai son koyo, musamman wanda ke tara kuɗin saye, tunda shi ya fi kowa buƙatar abin da Yaya mai gyara ya bayyana.

Malamin sakandare, daga Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa abokaina uku duk abin da kuka rubuta, kuma mun tsayar da Asabar ta farko a wata mai kamawa, ƙarfe 10 na safe, a wani aji na makarantarmu da shugaban makaranta ya amince mana da shi, mai wutar sola. Ba za mu karɓi kuɗin shiga ba, kuma ƙofa a buɗe take kamar yadda ɗalibinmu ya nema. Da muka bincika kanmu sai muka tarar babu ko ɗaya daga cikinmu da ke adana kwafin aikinsa a waje, duk da cewa Time Machine, tsarin da ke yin wannan aiki, yana cikin kowace Mac tun 2007, saboda haka shi ne darasin farko, kuma kowa zai zo da ma'ajiyarsa ta waje. Malama, muna roƙon ki aiko mana da madannan Hausar da kuka tsara. Malam mai gyara, idan Allah ya kai mu zama na biyu, muna fatan za ka zo mana da waccan kwamfutar da ke cikin durowa, domin masu niyyar saye su ga yadda makullin yake da idonsu.