A taimaka da Hausar "Gunpla", gobe ƙarfe 10 zan shiga situdiyo

Ummin_Rediyo: Salam jama'a, don Allah a agaza. Gobe zan ɗauki shirin matasa kuma oga ya maƙala min batun Gunpla, waɗannan robot ɗin roba na Gundam (wani kartun ɗin yaƙi na talabijin) da kamfanin Bandai na Japan yake yi tun 1980, suna zuwa gutsi-gutsi a kwali sai mutum ya yanka ya harhaɗa ya yi fenti. To robot dai mun saba cewa mutum-mutumi, shi kuma model ɗin robot fa? Na rubuta "mutum-mutumin mutum-mutumi" na karanta da ƙarfi, mai haɗa mana sauti har da riƙe ciki.

Bakanike_Kn: 'yar tsanar maza. an gama

Sadauki144: Haba yallaɓai, 'yar tsana kuma? Ni fa ina haɗawa, wani kwalin gutsuttsuran da ke ciki ɗaruruwa ne, sai ka yi sati kana yanka kana goga sanfefa tun ba ka taɓa fenti ba. Kuma Anti ki lura, Gundam ba robot ba ne irin mai tafiya da kansa, mutum ne ke shiga ciki ya tuƙa kamar jirgin yaƙi, su da kansu mobile suit suke cewa. Na ainihin labarin da aka fara nunawa a talabijin a 1979 tsawonsa mita 18 ne, shi ya sa na kwalin in an ce 1/144, wato an rage tsawon sau 144, yake fitowa kamar santimita 12 da rabi, bai kai tsawon biro ba.

Malam_Nahawu: Madalla da wannan bayani. Tunda shiga ake yi a yi yaƙi, ai muna da kalma tun kafin a ƙera mota: LIFIDI. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifida. Babban a kira shi lifidin ƙarfe, na kwalin kuma ɗan lifidin roba.

Bakanike_Kn: Allah gafarta Malam lifidi fa auduga ce aka cusa aka ɗinke, na ƙarfe sulke ake ce masa

Malam_Nahawu: Sulke riga ce ta zobba, iyakarta jikin mahayi. Lifidi kuwa har doki yake rufewa, ya mai da mutum da dabbarsa wani ƙaton abu guda. Ma'ana ake bi ɗana, ba auduga ba.

Ummin_Rediyo: Malam na ji daɗinta wallahi amma minti 7 kawai gare ni, in na ce ɗan lifidin roba yara za su ɗauka bafaden sarki aka yi da roba

Gwanin_Tsokana: Tunda Gunpla Gundam ne da plastic aka haɗe, mu ma mu ce Gunro, gunkin roba

Hajjo_Zariya: Kul! Kada ki kuskura kalmar gunki ta fito a shirin yara, kafin ki sauka wayar gidan rediyon ta ɗau zafi. Ko mutum-mutumin ma a hankali.

Dan_Damagaram: mu nan robo muke cewa, robon roba kenan, ga daɗin faɗi. amma na san tunda ba daga Kano ta fito ba ba za ta karɓu ba

Malam_Nahawu: Robo Faransanci ne aka sa wa hula.

Dan_Damagaram: to roba ɗin da kuke faɗa fa Malam, a Daura aka haife ta? ku ari na Ingilishi ya zama Hausa mu ari na Faransa ya zama laifi, kullum haka kuke mana da mota da makaranta da komai

Hajjo_Zariya: Ku duka kun ara a hannun ɗan aro. Robot ba Ingilishi ba ce ba Faransanci ba, daga harshen Cek ta fito, wani marubucin wasan kwaikwayo ya sa ta a 1920, daga robota, aikin tilas. Su ma ba su ji kunya ba.

Malam_Nahawu: Rashin kunyarsu ba hujja ba ce a kanmu. Japanawa da suka tashi kiran abinsu ba su nemi izinin kowa ba, mu ne kullum sai kalma ta zo da fasfo muke girmama ta. Lifidi na nan.

Ummin_Rediyo: Jama'a dare na yi fa. A bar babban, saura runner da panel lining

Sadauki144: Runner shi ne firam ɗin robar da gutsuttsuran suke manne a jiki, ta cikinsa narkakkiyar roba take bi a masana'antarsu ta Shizuoka, da 'yar filaya mai kaifi ake cirewa kuma yawancin na yanzu ba sa son gam, danna su ake su kama. Panel lining kuma shi ne ka zuba siririn baƙin fenti a cikin tsagogin jikinsa ya bi layi da kansa, ka goge wanda ya fita da auduga, sai ka ga fuskar ta fito raɗau

Hajjo_Zariya: Au, ai kwalli ne wannan. Sa kwalli.

Sadauki144: kai!! shekara 4 ina wannan abu ban taɓa kawo haka ba. Sa kwalli ya zauna

Malam_Nahawu: Wannan kam ba laifi. Runner kuma zangarniya, tunda tsaba ce a jikin kara.

Bakanike_Kn: firam dai Malam. amma Anti ki fara da motar kara da ta langa-langa da muka yi muna yara, nan take za su gane

Ummin_Rediyo: Yauwa na gode. Ga abin da na rubuta: Gunpla zan bar shi Gunpla, in fassara sau ɗaya da "ƙaramin mutum-mutumin yaƙi na roba da ake harhaɗawa", sai firam, sai sa kwalli. Lifidi zan ambata a matsayin kwatance.

Malam_Nahawu: Kalma takwas a inda uku suka isa. To, a dai faɗi lifidin da kyau, kada a ce lafidi.

Dan_Damagaram: robon roba ko gaisuwa bai samu ba