Bola a tsakiyar unguwa: ina za mu kai ƙara tunda ƙaramar hukuma ta yi shiru?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masana doka da duk wanda ya taɓa irin wannan fafutuka.

Akwai fili a unguwarmu da ƙaramar hukuma ta ware don tara shara, da alƙawarin motoci za su riƙa kwashewa. Yau bolar ta fi katangar makarantar da ke gefenta tsayi. Da rani a cinna mata wuta, hayaƙin leda ya cika ɗakuna, masu asma su kwana suna tari. Da damina kuwa wani ruwa baƙi ƙirin ke tsatsowa daga ƙarƙashinta, ya bi kwata ya nufi rijiyoyinmu. Abin da ya fi damuna yaran da ke tsintar gwangwani a ciki ba takalmi, ga fasassun kwalabe.

Mun bi ta wurin mai unguwa, mun ga kansila, mun kai takarda sakatariya har an buga mana hatimi. Sai a ce aikin jiha ne, alhali Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Za mu iya amfani da ita mu nemi ganin kasafin tsaftar muhalli da takardar kwangilar kwashewa? In suka ƙi, NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, za mu nufa, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a? Kuma a ina ake gwada ruwan rijiya a ba mu sakamakon da kotu za ta karɓa?