Fougère hybride: wa ke da sunanta da Hausa?

Mai Shirin Noma: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 zan ɗauki shiri kan itacen ado masu son inuwa, irin na masu pepiniyar bakin kogin Isa nan Yamai. Na cije wurin fassara sunan ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira fougère hybride da Faransanci. Ku cece ni.

Ɗan Lambu: Mu fujer muke cewa, masu saye na ganewa. Amma kar ki ce fulawa. Ba ta fure, ba ta ƴaƴa. Ki juya bayan ganyen, za ki ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa a jere, garin cikinsu shi ne irinta. Wata Hajiya ta zaci cuta ce, ta bi su da soso ta kankare tas.

Malam na Tahoua: Fujer kuma? Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, amma har yanzu muna lasar kwanon Faransa. Agugu ne. Yana cikin littafin sunayen tsirrai da Hausa na Bature Dalziel, na 1916.

Hajiya Mai Fassara: Malam, agugun can saiwa ce da ake sha don tsila. In ta faɗi haka a rediyo, jibi wani zai tuge ta ado ya jiƙa.

Malam na Tahoua: Laifin mai jiƙawa ne. Ku kullum sai abin da Kano ta sa wa hannu.

Hajiya Mai Fassara: Wa ya ambaci Kano? Cibiyata a Madawa take.

Mai Shirin Noma: Don Allah, hybride fa? In ce mai aure?

Ɗan Lambu: A'a ƙanwata, aure na mangwaro ne, wuƙa da leda. Wannan iri biyu ne suka yi barbara, kuma galibi garinta ba ya tsirowa. Sai dai a raba gindin gida biyu a dasa. Ki faɗa musu ƙasa mai taki, danshi kullum, ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro. Ranar Afrilu wuni guda ta isa ta ƙone ta.

Malam na Tahoua: To alfadari ke nan! Jaki da goɗiya, ba haihuwa. Agugu alfadari. Ku rubuta.

Hajiya Mai Fassara: Wannan kam ta zauna, ban so ba. Amma wa zai sayi alfadari ya aje bakin ƙofa?

Mai Shirin Noma: Zan ce fujer ruwa biyu, dangin agugu, ba ta sha ba ce. Alfadarin ya shigo wurin bayani.

Malam na Tahoua: Dangi. Hmm. Zan dai kunna rediyon.