Wane suna za mu raɗa wa "homocysteine" da Hausa?

1/ Assalamu alaikum, malaman harshe da likitocinmu. Kawuna ya dawo daga asibiti da takardar gwajin jini, ya ɗora yatsa kan wata kalma, homocysteine, ya ce: "Ɗana, hawan jini dai na san shi, shekara takwas ina shan maganinsa. Wannan kuma wane baƙo ne?" Na yi ta kame-kame. Abin ya tsaya mini a rai, don mutum ba ya kiyaye abin da bai san sunansa ba.

2/ Ga yadda abin yake. In an ci nama, kifi, ƙwai ko wake, jiki yakan samu wani sinadari, metiyonin. Bayan ya yi aiki da shi, abin da ya rage shi ne wannan baƙon na Kawu. Jiki ba ya barinsa haka nan. Da taimakon folik asid da bitamin B12 yakan mayar da shi metiyonin, bitamin B6 kuma ya juya wani kason zuwa wani sinadarin daban. In waɗannan bitamin sun yi ƙaranci, ko ƙoda ta yi rauni, sai ya taru a jini. Shan taba, giya da tsufa duk suna ƙara shi. Haka ma daɗewa kan metformin, maganin ciwon suga, domin yakan rage B12.

3/ Likitocin ƙasar Sin ne suka ware wa haɗuwar biyun suna: hawan jini "nau'in H", wato mai hawan jini wanda sinadarin ya kai maikuromol 10 ko fiye a kowace litar jininsa. A 2015 aka wallafa wani bincike nasu kan mutum 20,702 masu hawan jini. Rabi sun sha maganin hawan jini enalapril kaɗai, rabi an haɗa musu da folik asid. Cikin kusan shekara huɗu da rabi, kashi 3.4 cikin 100 na rukunin farko sun gamu da shanyewar ɓarin jiki, a rukuni na biyu kuwa kashi 2.7.

4/ Amma fa a Amurka, inda tun 1998 ake zuba folik asid cikin fulawa, da kuma Norwe, an yi gwaje-gwajen da aka sauke sinadarin da bitamin, yawan masu gamuwa da bugun zuciya bai ragu ba. Wannan ya shafi raɗin sunanmu kai tsaye. Kada mu ba shi sunan da ya fi ƙarfin laifinsa.

5/ Shi ya sa ban karɓi "gubar jini" ba, da wani ɗan'uwa ya kawo jiya. Kowane mai lafiya yana da shi a jininsa. Ka ce wa tsohuwa akwai guba a jininki, ka ƙara mata hawan jinin ke nan. "Dattin jini" ya fi shi hatsari. Gobe masu tallar magani da lasifika a kasuwa za su ɗauka, su ce ga gorar da ke wanke shi, wani ya ajiye ƙwayarsa ta asibiti ya koma musu. "Tsatsar jijiya" ta yi daɗin kunne, sai dai tana bayanin ɓarnar da ake zarginsa da ita ne, ba shi kansa ba.

6/ Wata ma'aikaciyar jinya ce ta buɗe mini ido. Ta ce, "Malam, ai tsaki ne." In an daka hatsi an tankaɗe, abin da ya tsaya kan rariya ba dusa ba ne, ba tsakuwa ba. Tsaki ne, turmi ake mayar da shi a sake dakawa ya zama gari. In babu mai daka, sai ya yi ta taruwa a ƙwarya. Masu dakan nan su ne folik asid da B12 da B6. Ban ga kwatancen da ya kama aikin sinadarin nan kamar wannan ba.

7/ Na san a rubuce zai yi karo da tsakin da ake ja da baki. A furuci kuwa Bahaushe ba ya haɗa su.

8/ Ga inda na tsaya. A takardar asibiti da littafin makaranta mu rubuta "homosistin", don mara lafiya ya gane kalmar in ya gan ta. A bakin likita da gidan rediyo mu ce "tsakin jini". Nau'in H kuma ya zama "hawan jini mai tsaki".

9/ Na gwada wa Kawu daren jiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, su wa za su daka mini shi?" Na ce alayyafo, wake da hanta suna cikinsu, sauran sai abin da likitansa ya rubuta, kuma ƙwayar hawan jini da rage gishiri suna nan daram. 'Yan'uwa na Sakkwato, Damagaram da Maraɗi, tsaki kuke ce masa a wajenku, ko kuna da wata kalmar?