Na kwafi shafi uku daga littafin wata, ban haƙurina ya ƙara dagula lamarin

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki. Ina rubuta littafi ina sakinsa babi-babi a WhatsApp, masu karatu na biyan naira 500. A babi na 12 na ɗauko wurin da uwa ke yi wa 'yarta faɗa daren kai amarya, daga wani tsohon littafi da na karanta tun ina sakandare, sunaye kawai na canza. Wata mai karatu ta ɗauki hoton shafukan ta jera su kusa da juna. Har kuskuren rubutun da ke cikin tsohon bugun ya biyo ni. Cikin ruɗewa na rubuta: "Duk wanda ransa ya ɓaci ya yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne." Sai wutar ta ƙara ruruwa. Marubuciyar tana raye, a haife ta haife ni, tun lokacin da ake rububin littattafai a Bata, wurin masu sayar da littattafai a Kano, take rubutu. Ta ina zan fara?

Maman Hanan: Ƙanwata, ni ma na ga saƙon naki, kuma ya yi min ciwo. Ba ki ambaci sunanta ba, ba ki faɗi abin da kika yi ba, sai kika mayar da zancen kan ɓacin ran mutane, kamar su ne da laifi. Ki rubuta ƙarara: na kwafi shafi kaza daga littafin Hajiya wance ba da izininta ba, da sanina na yi. Kada ki saka "amma" ko ɗaya.

Malamin Adabi: Ki kiyayi cewa "ban sani ba ya shige min". A 2006 wata ɗalibar Jami'ar Harvard a Amurka ta kare kanta da haka, ta ce ta karanta littattafan wata marubuciya ne har suka zauna mata a kai. Da aka ci gaba da tono wasu wuraren, kamfanin ɗab'in ya janye littafinta daga kasuwa. Sannan dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, balle tana raye. Tsufan littafi bai mayar da shi na kowa ba.

Ummu Sudais: Ni dai kafin a kai ga sanarwa, ki je wurinta da ƙafarki. Ki nemi wata babba a cikin marubuta ta raka ki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki faɗa da bakinki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle uwa. Malamai sun ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar ko mai shi ya yafe. Kuɗin da kika karɓa ki lissafa ki ajiye a gabanta, ita za ta ce ta karɓa ko ta bar miki.

Maman Hanan: Kuma ki cire babin yau ɗin nan, ki sake rubuta shi da kanki. In ba ta yafe nan take ba, kada ki turo mata mutane su matsa mata.

Mai tambaya: Na cire babin yanzu. Na samu wadda za ta raka ni ranar Asabar. Sanarwar in fitar kafin in je, ko bayan na dawo?

Ummu Sudais: Bayan kin dawo, kuma ki fara karanta mata ita tukuna.