Kafet ɗin da ake cewa ba ya riƙe tabo: ya cancanci ƙarin kuɗinsa?

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Muna shirin canza kafet ɗin falo kafin sallah, kuma wani mai shago a kasuwar Sabon Gari ya nuna mini iri biyu, ya ce mai tsadar ba ya riƙe tabo ko da zoɓo aka zubar masa. Muna da yara ƙanana, kuma a ƙasa muke cin abinci. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin: gaskiya ne, ko kuwa zaƙin bakin 'yan kasuwa ne kawai?

Malam Habu, Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai gaskiya a maganarsa, amma bai faɗa miki duka ba. Ki fara duba takardar da ke bayan kafet ɗin ki ga da wane zare aka saƙa shi. Idan nailan ne, zarensa yana shan launi, shi ya sa ake sa masa wani magani a masana'anta wanda ke toshe gurbin da launi ke kamawa. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da irin wannan a 1986 da sunan Stainmaster. Sai dai maganin yana raguwa da yawan takawa da kuma wanki da sabulu mai ƙarfi, sannan abu mai zafi, kamar shayin da aka sauke yanzu, yakan fi ƙarfinsa. Idan kuwa folifurofilin ne, wato wani irin zaren roba, wanda da shi ake saƙa da yawa daga cikin kafet ɗin da ake shigowa da su daga Turkiyya, to tun robar tana narke ake zuba mata launi, kuma zaren ba ya shan ruwa, don haka zoɓo ko lemon kwalba ba sa samun wurin zama. Rauninsa shi ne maiƙo, domin yana jan mai ya riƙe. Gidan da ake cin tuwo da miyar manja a ƙasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Hajiya Ladidi, Gyallesu:
'Yar'uwa, na folifurofilin ɗin nake da shi, kuma abin da Malam ya faɗa haka yake. Zoɓo da koko suna fita tas, muddin aka yi hanzari aka danna farin tsumma a kai ya tsotse, ba a murza ba, domin murzawa tana tura tabon cikin gindin zaren ne. Manja kuwa sai da na kwashe shi da cokali, na ɗiga sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi, na maimaita sau da yawa, amma har yau wurin yana da ɗan duhu idan rana ta haska shi. Ki kuma kiyaye kaskon turaren wuta, don ɗan ƙaramin garwashi yana narkar da zaren nan take, ya bar ƙulli mai tauri wanda babu wankin da zai gyara.

Abban Fatima, Hanwa:
Ni a ganina, a Zariya ƙurar hunturu ta fi zoɓo kashe kafet, kuma babu maganin tabon da ke hana ta shiga. Tana kwanciya a ƙasan zaren tana cin sa a duk takun da aka yi, har hanyar ƙofa ta dusashe. Idan babu injin zuƙe ƙura, gara a sayi wanda ake naɗewa a fitar waje a kakkaɓe a kan wanda ake mannewa bango zuwa bango. Masu wanki da garin omo kuma su ɗauraye sosai, domin ragowar kumfa tana janyo datti, sannan kada a jiƙa shi sharkaf a watan Agusta, ƙasansa ba zai bushe ba sai ya yi wari. Hajiya, kafin ki biya, ki roƙi mai shagon ɗan ƙyallen da ya rage, ki ɗiga masa zoɓo da manja a gida, ki bar su su kwana, ki ga wanda zai fita.